Firij mai fitar da ƙanƙara: me yasa ake haɗa masa ruwa a gidajenmu amma ya ƙi aiki

Cikin azumi ne yayata ta kira ni wajen ƙarfe uku na rana, lokacin da kowa bakinsa ya bushe, tana faɗa kamar ni na sayar mata da kayan. "Kai ɗan nan ka zo ka duba min firij ɗin nan, kuɗi muka zuba masu yawa amma har yau yara nake aika sayen ƙanƙara a maƙota." Irin manyan nan ne masu ƙofa biyu, gefe ɗaya firiza gefe ɗaya firij, da ɗan rami a jikin ƙofa inda zaka tura kofi ruwa mai sanyi ya zubo ko ƙanƙara ta faɗo. An kawo mai gyaran famfo ya haɗa masa ruwa sati biyu kafin nan, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da naje na buɗe bokitin da ƙanƙarar ke taruwa sai na tarar da wasu 'yan guntaye ba su fi goma ba, na ɗauki ɗaya na matsa da yatsa sai ta fashe kamar ɓawon ƙwai, ciki fanko. Na tura kofi a ƙofa, ruwan na zuba siriri kamar ana tsiyayar da shayi daga buta. Nace Yaya firij ɗinki lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can waje kan ƙarfen da aka ɗora tanki. Ta kalle ni kamar azumi ya taɓa ni.

Toh bari in warware maganar tun daga tushe, don gidaje da yawa yanzu suna da irin wannan firij ɗin, musamman a kayan ɗakin amare, kuma da yawansu wannan ramin na jikin ƙofa ado kawai yake yi.

Abin da ke faruwa a ciki ba wani tsafi bane. A bayan firij ɗin daga ƙasa akwai wani ɗan bawul mai aiki da wuta, shi ne mai gadin ƙofa, kullum a rufe yake. Idan injin ƙanƙarar na son ruwa sai ya aika masa wuta, bawul ɗin ya buɗe na kusan daƙiƙa 7, ruwa ya hau ta wani siririn tiyo ya zuba cikin farantin da ake daskarar da shi, abin da bai fi rabin kofin shayi ba, kamar mililita 130 zuwa 140. Daga nan sai jira. In ruwan ya daskare, na'urar auna sanyi ta shaida, sai a zubar da ƙanƙarar cikin bokiti. Na Amurka na asali farantinsu na ƙarfe ne, akwai hita a ƙasansa da ke ɗan ɗumama shi don ƙanƙarar ta saki sai wasu 'yan yatsu su kwashe ta, shi yasa take fitowa kamar jinjirin wata. Na kamfanonin Koriya da yawa kuma faranti ne na roba, mota ce ke juya shi ta murɗe shi kamar yadda kake yi da hannu. Zagaye ɗaya yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a wuni guda in komai daidai ne zaka samu kamar kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin ma ba sabo bane, tun 1953 kamfanin Servel na Amurka ya fitar da firij mai yin ƙanƙara da kansa.

Ka lura da wannan daƙiƙa 7 ɗin don nan ne gizo ke saƙa. A yawancinsu injin baya auna ko faranti ya cika, lokaci kawai yake ƙirgawa. Wanda ya ƙera shi ya ɗauka cewa ruwan gidanka zai zo da ƙarfi irin na famfon garuruwansu, wanda cikin daƙiƙa 7 zai cika farantin. In ruwanka raggo ne, bawul zai buɗe ya rufe kan lokacinsa, faranti ya samu kwata ko rabi, ka samu ƙanƙara ƙanana ko masu rami a ciki irin na gidan Yaya. Akwai sabbi masu na'urar ƙirga ruwan da ya wuce, amma su ma in ruwan yayi rauni da yawa sai su gaji su daina. Sannan wani abu da mutane basu sani ba, shi wannan bawul ɗin da ƙarfin ruwan yake rufuwa ruf, ruwan ne ke danne robar da ke cikinsa. In babu ƙarfi sai ya riƙa ɗiga a hankali, ɗigon ya daskare a bakin tiyon da ya shiga firiza, wata rana ka tarar ya toshe gaba ɗaya ko kuma ƙanƙara ta zama dutse guda a bokiti.

Nawa ne ƙarfin da ake buƙata? Buɗe littafin da yazo da firij ɗin, wanda yawancinmu muke jefarwa tare da kwali. Galibi zaka ga an rubuta daga psi 20 zuwa 120 (psi ma'aunin ƙarfin ruwa ne), wasu kamar kamfanin Whirlpool suna cewa daga 30, wasu masu filta a ciki ma har 40 suke nema. In da ma'aunin bar aka rubuta, psi 20 kusan bar 1.4 ne, 30 kuma ya ɗan haura bar 2, shi kuma 120 ɗin ya ɗan wuce bar 8.

Yanzu mu dawo gida. Mu dai mun san yadda ruwa ke zuwa mana, bohol ne ko rijiya da sumo a ciki, ya tura ruwa sama cikin tankin roba, daga can ya gangaro da nauyinsa. Ko masu ruwan gwamnati ma mafi yawa sai sun tara a tanki tukuna don ba kullum yake zuwa ba. Ruwan da ke gangarowa da kansa kuwa lissafinsa ɗaya ne a duk duniya, kowace mita ɗaya ta tsayi tana bada kusan psi 1.4, mita 10 kenan kusan bar ɗaya. Kuma ba daga ƙasa ake aunawa ba, daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa inda ruwan zai fita, shi kuma injin ƙanƙara yana can sama cikin firiza, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Tankin Yaya yana kan ƙarfe mai tsayin kamar mita 5, in ya cika maƙil ka ƙara mita ɗaya da rabi, ka cire tsayin injin, ka dawo mita 5 ɗin dai. Psi 7 kenan. Ana neman 20 kai kana da 7, kuma wannan kafin ruwan ya bi ta filta da siririn tiyo ya ƙara rasa ƙarfi a hanya. Kafin ka samu psi 20 da nauyin ruwa kawai sai tankinka ya kai mita 14 sama da injin, wato kamar saman bene mai hawa huɗu, in 30 ne kuwa mita 21. Ko mai gidan sama da ya ɗora tanki kan rufi, kicin ɗinsa yana ƙasa, da ƙyar yake haura psi 13 ko 14.

Mijin Yaya da yaji haka sai yace toh ai sai a sayo tanki babba, na lita 5000. Nace Alhaji ka riƙe kuɗinka. Girman tanki baya ƙara ƙarfin ruwa, tsayi ne kawai ke ƙarawa. Durom ɗaya a kan mita 14 ya fi tankin da ya kai ɗaki girma a kan mita 5 ƙarfi. Wannan maganar tana yi wa mutane wuyar haɗiya amma haka take.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada. Hanya mafi inganci ita ce ka sayi ɗan gejin auna ƙarfin ruwa, masu sayar da kayan bohol suna da shi, a ɗaura a famfon kicin a gani. In kuma an riga an haɗa firij ɗin, akwai gwajin da Whirlpool ke bayarwa a littattafansu wanda nake so don saukinsa, ka cire filta, ka tura kofi, in ya baka mililita 237 cikin daƙiƙa 8 ko ƙasa da haka toh ƙarfin ya isa. Kusan rabin ledar fiya wata kenan. Na Yaya mun ƙirga har muka wuce 30 muka daina.

Maganinsa famfon ƙara ƙarfi ne, wanda masu aikin ke kira busta. Amma nan ma akwai rami, kuma na ga waɗanda suka faɗa. Akwai 'yan ƙananan busta masu arha da ake sa wa shawa, su suna tashi ne idan suka ji ruwa na gudu a cikinsu da yawa. Injin ƙanƙara kuwa ɗan kurɓi yake yi na daƙiƙa 7 ta tiyo kamar tsinken tsintsiya, sau da yawa bustar bata ma san an buɗe ba, ko kafin ta farga ta tashi bawul ya rufe. Abin da ya dace shi ne wanda ke riƙe ƙarfin a cikin layi kullum, wato mai makunnin da ke tada famfon da zarar ƙarfin ruwan ya sauka, in son samu ne da ɗan ƙaramin tankin iska a jikinsa, ta yadda ko da bawul ya buɗe tsakar dare ruwan a shirye yake kuma famfon ba zai riƙa tashi yana mutuwa kowane lokaci ba. Zaka iya sa wa gidan gaba ɗaya, kowa ya more shawa mai ƙarfi, amma ka shirya don duk wani haɗi da aka yi da ha'inci cikin bango ranar zai tona kansa. Ko kuma ka sa ɗan ƙarami irin wanda ake sa wa injin tace ruwa, shi da firij kawai, a ɓoye cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ni na fi son na biyun a tsohon gida. Abu ɗaya dai, kar a yi gangancin haɗa firij kai tsaye da layin da sumo ke turo ruwa daga bohol, ƙarfinsa ba shi da tabbas, yashi yake kwasowa, kuma in an kashe sumo babu ruwa.

Sai mu zo kan haɗin kansa, wanda a gaskiya shi ne mafi sauƙi, mai hankali zai gama cikin awa ɗaya.

Layin ruwan sanyi ake nema, banda na hita, ruwan zafi yana lalata bawul da robobin ciki. Wuri mafi dacewa shi ne ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda akwai ɗan makunnin nan na kwana da tiyon famfo ke fitowa daga jikinsa. A rufe ruwa daga tanki, a buɗe famfon kicin ya tsiyaye, a kwance tiyon, a sa mahaɗi mai baki uku, baki ɗaya ya koma wa famfo, ɗayan a sa masa makunni nasa na kansa sannan a rage shi zuwa kwatan inci. Wannan makunnin na daban kar ka yarda a tsallake shi wai don ragin kuɗi, ranar da tiyo ya fashe ko za'a ja firij a yi shara ko a canja filta, shi zaka murɗa maimakon ka hana duk gida ruwa. Kuma a sa shi inda hannu ke kaiwa, ba bayan firij ɗin da sai ƙarti biyu sun ture ba. In kicin ɗin ana kan gininsa ne ko gyara, toh ka ce wa mai aikin ya ja fayif ɗin PPR cikin bango har bayan inda firij zai zauna ya fito da baki, kamar yadda ake yi wa injin wanki.

A kayan haɗi da ake shigowa da su daga Amurka zaka ga wani ɗan bawul mai kama da sirdi, ana ɗaure shi a jikin fayif sai a murɗa wata allura ta huda fayif ɗin. Yana burge mutane don ba sai an yanka komai ba. Ka jefar da shi. Hudar da yake yi ƙarama ce, tana saurin toshewa, tana rage ƙarfin da dama bamu da shi, robarsa na bushewa ya fara yoyo, in ka zo rufe shi bayan shekara biyu ya ƙi rufuwa. A can ma inda aka ƙirƙiro shi wurare da yawa sun hana, jihar Massachusetts har a cikin littafin firij ake rubuta cewa haramun ne a dokarsu. Ballantana ma don fayif ɗin jan ƙarfe aka yi shi, mu kuma PPR da PVC ne a bangonmu.

Tiyon kansa kwatan inci ne in ka auna ta waje, milimita 6 da ɗan ɗoriya. Kala uku zuwa huɗu ake samu. Akwai na jan ƙarfe, yana daɗewa, baya sa wa ruwa ɗanɗano, ɓera baya iya masa, amma in aka tura firij ya lanƙwashe shi sau biyu uku sai ya tsage a wurin. Akwai farar roba ko shuɗiya irin ta injin tace ruwa, ita ce ta fi yawa a kasuwa kuma ita ke zuwa cikin kwalin firij da yawa, arha, sauƙin aiki, sai dai zafi da shekaru suna busar da ita kuma ɓera in ya ji ƙishi ya san inda zai je. Akwai wani na roba da ake kira PEX wanda ya fi ta ƙwari. Sai kuma mai rigar saƙar ƙarfe da noti a kowane baki, wanda in ka samu mai kyau kuma tsayinsa ya isa, ni shi nake zaɓa. Duk wanda ka ɗauka dai ka tabbata na ruwan sha ne. Na taɓa ganin an yi amfani da tiyon awon lebur na magina, ruwan har warin roba yake.

Wajen ɗaurewa akwai salo biyu. Na farko noti ne da wani ɗan zobe, ka zura noti a tiyo, ka zura zobe, ka cusa tiyon har ƙarshe, ka ɗaure da hannu sannan ka ƙara kaɗan da sifana, zoben ne ke matsewa ya kama tiyon. Wannan ba'a naɗa masa farin tef, don ba zaren ne ke tare ruwan ba, zoben ne, tef ɗin ma hana notin zama yake yi. Masu aikinmu kuwa sun saba duk inda suka ga zare sai sun naɗa tef kamar rawani. Na gaya wa wanda yazo gidan Yaya, yace "Oga shekarata 15 ina wannan aikin", nace na yarda Malam amma cire dai. In tiyon roba ne a sa zoben roba, da ɗan ƙaramin ƙarfen da ake cusawa cikin bakin tiyon don kar ya lotse, zoben tagulla yana yanka roba a hankali. Kuma kar a ɗaure da ƙarfin tsiya, bakin bawul ɗin firij da yawa roba ne, in ya tsage sai sabo. Salo na biyu shi ne na turawa, ka yanke tiyon daidai ba karkace ba da reza mai kaifi, ka tura har ka ji ya zauna, ka ɗan ja baya ka ji ya kama, ka sa ɗan makullin nan mai kama da kofaton doki. Yankan karkace shi ne kan gaba wajen sa irin wannan yoyo.

Ga wani abin da ke ɓata wa mutane rana, zare. Kayan famfon da ke kasuwanninmu zarensu irin na Ingila ne, BSP, na Amurka kuma NPT. A ido kamar ɗaya suke musamman a rabin inci, zai shiga zagaye biyu uku ka ɗauka ya zauna, sai ya cije ko ya riƙa tsatsafo da ruwa har abada. In firij ɗinka ɗan gwanjo ne daga Amurka ka nemi mahaɗin da ya dace tun farko. Waɗanda aka yi wa kasuwar Turai da tamu galibi suna zuwa da mahaɗi mai faɗin kwata uku na inci irin na injin wanki, wannan ba matsala. Tunda ma an zo maganar ɗan Amurka, ka tuna wutarsu 115 ce, tamu 220 zuwa 230, in babu tiransifomar rage wuta ka cusa shi a soket toh maganar ƙanƙara ta ƙare tun kafin a fara.

Kar a ja tiyon ya miƙe tsaf kamar igiyar shanya. A bar rara a bayan firij, littattafan kamfanonin GE da LG suna cewa kamar mita 2.4, a naɗe shi zagaye uku masu faɗin kamar santimita 25, don in an ja firij gaba ya biyo ba tare da ya tsinke ba. A kama shi da ɗan maƙalin da ke jikin bayan firij saboda nauyin jan ya sauka a kan maƙalin maimakon bakin bawul, a nisanta shi da kwamfireso mai zafi da bayan kukar girki, kuma kar ya bi ta waje inda rana zata dake shi.

Kafin a ɗaura bakin ƙarshe a jikin firij, a saka shi cikin bokiti a buɗe ruwa ya gudu har ya fito garau. Zaka sha mamakin abin da zai fito, ɓarɓashin fayif, yashi, guntun tef. Duk wannan da cikin 'yar rariyar bawul zai je ya zauna. Bayan an ɗaura a buɗe makunni a hankali, a goge kowane haɗi da tishu busasshe, a dawo bayan rabin awa a sake gogawa, a shimfiɗa kwali ko jarida a ƙasa a duba washegari. Turawa suna tsoron wannan yoyon sosai saboda daɓensu katako ne, mu tayil ne sai mu ga kamar ba komai, amma ɗigo ɗaya-ɗaya na wata uku ya isa ya kumbura kabad ɗin kicin ya ruɓar da ƙasan firij, ga kuma ruwa kusa da soket. Sai a zubar da ruwa ta ƙofa kamar lita 10 zuwa 15 gwargwadon abin da littafinka ya ce, don iska ta fita kuma baƙin garin gawayin filta ya wanke, zai riƙa tari yana fesowa da farko kar ka tsorata. Firiza a sa ta a kan 18 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar farko sai an bashi kamar awa 24, a zubar da zubi biyu ukun farko, bokitin kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya cika.

Akwai maganar da ta fi duk wannan muhimmanci a wurina, wato shi ruwan wane iri ne. Mutane suna ganin filta a jikin firij sai su ɗauka duk abin da aka tura masa zai fito kamar ruwan roba. Wannan filtar gawayi ce, aikinta cire wari da ɗanɗanon sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan gwamnati, da ɗan datti, masu tsadar su rage wasu ƙarafa irin su dalma. An yi ta ne don ruwan da dama an riga an tsabtace, kuma su kansu masu yin ta suna rubutawa ɓaro-ɓaro cewa kar a yi amfani da ita da ruwan da ba'a tabbatar babu ƙwayoyin cuta a ciki ba. Daskarewa kuma bata kashe ƙwayar taifod ko ta amai da gudawa, kwanciya kawai suke yi su farka a cikin kofin zoɓonka. Toh in bohol ɗinku yana kusa da sokawe, ko rabon da a wanke tanki tun ranar da aka ɗora shi, ko murfinsa iska ta ɗauke tun bara ƙadangaru na leƙawa, kuma a gidan fiya wata kuke sha don baku yarda da ruwan famfon ba, ta yaya za'a yi ku yarda da ƙanƙararsa? In za'a haɗa da ruwan bohol, mafi ƙaranci a sa filtar tare laka kafin firij, irin mai gidan nan na inci 10 da ake ganin cikinsa, sannan a kai ruwan a gwada, in da buƙata a ƙara fitilar kashe ƙwayoyi ko injin tacewa cikakke. Sai dai ka sani kowace filta da ka ƙara tana cin ƙarfin ruwa, injin tacewa mai tankinsa ma ya fi kowa ci, don haka lissafin busta da su za'a yi. Ruwa mai gishiri-gishiri ko mai barin farin ƙasa a buta shi ma haka zai bar shi a bawul da faranti. Filtar firij ɗin kuma duk wata 6 ake canjawa, ka tambayi kuɗinta da inda ake samunta tun kafin ka sayi firij ɗin, don wasu sai an yi oda daga waje.

Wuta kuma kowa ya san halin da ake ciki. Injin nan yana son firiza ta zauna da sanyinta dare da rana. In ana ɗauke wuta awa takwas goma, ƙanƙarar da ke bokiti zata fara narkewa, a kawo wuta ta sake daskarewa ta haɗe guri ɗaya, ƙarfen da ke turo ta ya kasa juyawa, wani lokacin ruwan ya biyo ta ramin ƙofa ya zubo ƙasa. Mai sola da inbata mai ƙarfi ba ruwansa. Wanda kuwa sai dare ake tada janareto, gara ya riƙa juye ƙanƙarar cikin leda yana ajiyewa can ƙasan firiza. Ka tuna bustar ma wuta take ci, in tana layin da babu wuta firij kuma yana kan inbata, an koma gidan jiya. Sannan duk ranar da tanki ya ƙare ko zaku yi tafiya, a kashe injin ƙanƙarar daga makunninsa a rufe ruwan, in ba haka ba zai yi ta kiran bawul yana gurnani a banza. Ga zafin watan Afrilu da Mayu, tanki na tsakiyar rana ruwan na saukowa kamar na wanka, dole yin ƙanƙarar ya ragu, ba lalacewa yayi ba.

In duk wannan ya yi maka yawa kuma baka riga ka saya ba, akwai irin wannan firij ɗin da baya buƙatar famfo sam, LG da Samsung da Hisense duk suna yi. Tanki ne ɗan ƙarami a cikinsa na kusan lita 4, ka cika da ruwan da ka yarda da shi, ɗan famfonsa na ciki ya tura wa injin. A kamanni ba zaka bambance su ba, don haka ka tambayi mai shago ƙarara, mai tanki ne ko na haɗawa da famfo, ka buɗe ka gani da idonka. Ga gidajenmu ni a ganina wannan ya fi dacewa da mutum takwas cikin goma, wahalarsa ɗaya ce, cikawa da wanke tankin.

Gidan Yaya kuwa tunda an riga an saya, kuma dama ruwan bohol ɗin nasu wanki da wanka kawai suke yi da shi, bamu bi ta kan tankin ba ma gaba ɗaya. Akwai wani ɗan famfon lantarki da ake yi musamman don manyan robobin ruwan nan na dispensa masu lita 19, sanda ce ake zurawa cikin robar, shi kuma ya tura ruwan da ƙarfi ta tiyon kwatan inci, in ruwa ya ƙare ya kashe kansa. Shi muka samo, muka ajiye robar cikin kabad ɗin gefen firij, muka toshe haɗin da mai famfo yayi. Sai da muka kashe firij ɗin muka narkar da ƙanƙarar da ta toshe bakin tiyon cikin firiza da ruwan ɗumi tukuna. Washegari bayan la'asar ta turo min hoton bokitin a WhatsApp, ƙanƙara cikakkiya ta rufe ƙasansa, a ƙasan hoton ta rubuta wai in zan zo shan ruwa in taho da robar ruwa ɗaya don yara sun kusa shanye waccan tun daren jiya.